Wata uku ina farautar sarakuna da NetworkX

Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ne ya ce in huta da zana kibiyoyi a takarda, bayan na kai masa shafi huɗu da kuskure a kibiya ɗaya ya rusa su duka. Ya ce in nemi NetworkX, wato kunshin kayan aiki na harshen Python da aka gina domin nazarin ɗigogi da layukan da ke haɗa su. Yau wata uku ke nan ina amfani da shi kusan kullum, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa 'yan'uwa ɗaliban lissafi abin da na tarar.

Bari in fara da abin da nake nema, don wanda bai san fagen ba. A ɗauka kaji ne a akurki ɗaya, kowaɗanne biyu ɗaya na saran ɗaya. Kowace kaza ɗigo ce, kibiya kuma tana tashi daga mai sara zuwa wadda ake sara. Wannan shi ne zanen gasar kowa-da-kowa. Ana kiran ɗigo sarki idan zai kai ga kowane ɗigo cikin taku ɗaya ko biyu: ko ya sare ka da kansa, ko ya sari wanda ya sare ka. H. G. Landau ya nuna a 1953 cewa kowace irin wannan gasa tana da sarki, kuma wanda ya fi kowa yawan sara ba ya rasa sarauta. Moon ya ƙara a 1962 cewa in babu wanda ya doke kowa da kowa, to sarakunan ba za su kasa uku ba. Tambayata ita ce: in aka ninka zane biyu masu kibiya, wato aka haɗa kowane ɗigo na zanen farko da kowane ɗigo na na biyu, aka sami sabon zane, ina sarakunan suke komawa?

Shigar da shi bai ba ni wahala ba. Kyauta ne, umarni ɗaya na pip, wato manhajar shigar da kayan Python, ya wadatar, kuma bai ci mini data ba. Aric Hagberg da Dan Schult da Pieter Swart ne suka assasa shi, an sake shi ga jama'a a 2005, har yanzu masu sa-kai na ci gaba da gyara shi. Tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta ɗauke shi lafiya, ko da an ɗauke wuta ina aiki da batir ba tare da intanet ba.

Babu wani umarni da aka tanada don gano sarki, da kanka za ka rubuta. Layi uku ne kacal: ka tambayi single_source_shortest_path_length, umarnin da ke auna taku daga ɗigo ɗaya zuwa sauran, tazarar da ba ta wuce 2 ba, ka ƙirga ɗigogin da aka kai gare su, in sun cika to ka sami sarki. Gwajin farko da na yi shi ne na sakamakon Stephen Maurer na 1980, wanda ya ce ba a samun gasa mai sarakuna biyu cif, haka nan ba a samun gasar mutum huɗu da dukansu sarakuna ne. Na bi duk gasa 64 da za a iya shiryawa tsakanin mutum huɗu, kafin in ɗaga kofin shayi amsa ta fito daidai da maganarsa. Daga nan na amince da layukana.

Inda ya biya ni da gaske shi ne wajen ninki. Akwai cartesian_product da strong_product da tensor_product da lexicographic_product, kowanne yana karɓar zane mai kibiya, kuma sunan kowane sabon ɗigo yana fitowa a matsayin tagwaye, rabi daga zanen farko rabi daga na biyu, don haka ba ka ɓata asalin kowa. Na ɗauki mafi sauƙin misali, kaji uku da ke saran juna a zagaye, inda dukansu sarakuna ne, na ninka shi da kansa. A ninki mai ƙarfi (strong_product) ɗigogi tara suka fito, duka taran sarakuna, domin a can tazara ita ce mafi girma daga cikin tazarar ɓangarori biyu. A ninkin Kartisiya (cartesian_product) tara ɗin ne dai, amma babu sarki ko ɗaya, saboda tazarar haɗa ta ake yi, biyu da biyu huɗu.

Na uku ne ya tsayar da ni. A ninkin kai-tsaye (tensor_product) dole ɓangarorin biyu su yi taku tare a lokaci guda, sai ga zanen ya tsage gida uku, kowane gida zagayen ɗigo uku da ba ya ko ganin ɗan'uwansa. Batun sarauta bai ma taso ba, tunda hanyar kaiwa ta yanke. Na zaci ni na yi kuskure, na sake rubutawa sau biyu. Da na canza ɗayan zuwa zagaye mai ɗigo huɗu, sai komai ya haɗe ya zama zagaye ɗaya mai ɗigo 12, na ƙarshensa taku 11 ne daga na farko. A daren nan na fahimci abin da na daɗe ina haddacewa ba tare da na gani ba: adadin gidajen shi ne babbar lambar da ke raba tsawon zagayen biyu. Uku da uku, gida uku. Uku da huɗu, gida ɗaya. McAndrew ya tabbatar da wannan a faffaɗan yanayi tun 1963, amma ni sai da allo ya nuna mini ya shiga kaina.

Akwai iyakokin da ya kamata mai shiga ya sani. Da Python zalla aka rubuta shi, saboda haka ba a gina shi don tsere ba. Gasar mutum bakwai tana da siffa 2,097,152 in an bi su da sunaye, alhali waɗanda suka bambanta da gaske 456 ne kawai. Hanyar da ta fi ita ce a samo waɗannan 456 ɗin da manhajar nauty ta Brendan McKay, sannan a miƙa wa NetworkX. Umarnin eccentricity kuma, mai auna tazara mafi tsawo daga ɗigo zuwa sauran, yana ƙin aiki in akwai ɗigon da ba a iya kai wa, kamar yadda ke faruwa wani lokaci a ninkin kai-tsaye, shi ya sa na tsaya kan ƙirga tazara da kaina. Zana hoto ma ba shi ne ƙarfinsa ba, masu shi da kansu suna tura mutum ga manhajojin zane irin su Graphviz ko Gephi.

Sannan ba ya kafa hujja. Ranar da na kai wa Malam jadawalin misalai ɗari da suka goyi bayan hasashena, ya duba ya ce madalla, yanzu sai in je in rubuto dalili. Gaskiyarsa ne. Amma sau biyu kayan nan ya cece ni daga ɓata mako guda ina ƙoƙarin tabbatar da abin da ba haka yake ba, domin ya fito mini da misalin da ya karya shi cikin minti kaɗan.

Ga duk ɗalibin da ke aiki kan sarakuna ko kan wane ɗigo ke kai wa ga wane, ina ba da shawarar sa da zuciya ɗaya, muddin zanenka bai wuce ɗigogi 'yan dubbai ba. A wannan makon na koma kan ninki na huɗu, mai bin tsarin ƙamus (lexicographic_product), ina duba yadda gajeren zagaye a zanen farko ke rage tazara tsakanin ɗigogin da rabin sunansu na farko iri ɗaya ne.