Faya-fayan roba na koyon rabi da kwata: sun yi aiki, amma akwai gyara

Faya-fayai ne na roba guda 9 a cikin ƙaramin akwati, kowane da launinsa. Ɗaya cikakke ne, sauran an yanka su gida 2, 3, 4, 5, 6, 8, 10 da 12, jimilla yanka 51. Babu na gida 7 ko 9, kuma ban ji rashinsu ba, tunda 'yata aji uku take a firamare.

A wani shagon littattafai na Sabon Gari a Kano na saye su, saboda yarinyar ta kafe kan cewa ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma. Hujjarta ita ce ai 8 ta fi 4. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, ko gezau.

Da muka baje kayan a tabarma, sai na miƙa mata kwata ɗaya, na ce ta ɗora yankan gida takwas a kai. Rabinsa kawai ya rufe. Ta lalubo na biyu ta cike gurbin, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ashe in masu rabo sun yi yawa, na kowa raguwa yake yi." Kakarta da ke gefe tana jan carbi ta karɓi yankan ta jujjuya, ta ce wannan ai shi ne tumunin da ake ba matar mamaci idan ya bar 'ya'ya. A zaman nan yarinyar ta gano da hannunta cewa kwata biyu rabi ne, sudusi biyu kuma sulusi. An yanka robar daidai wa daida, ba ta barin giɓi, kuma a nan darajarta take, domin rabon da bai zo daidai ba ba a kiransa sulusi.

Inda suka gaza kuwa, komai zagayayye ne. Ranar da na ba ta sandar rake na ce ta nuna mini kwata, sai ta tsaya tana kallona, wai ai wannan ba faifai ba ne. Sai da muka koma kan rake, da takarda mai kusurwa huɗu, da mudun gero, kafin ta yarda kowane abu guda yana rabuwa. Duk mai saye ya shirya wa wannan ƙarin aikin, akwatin ba zai yi masa ba.

Lambobin da aka buga a jiki ma sun fara gogewa tun zangon karatu bai ƙare ba, sai da na bi su da maka. Yankan gida 12 kuma ƙanana ne ƙwarai, gidan da ke da mai rarrafe a sa ido, baki zai kai. Namu biyu sun riga sun ɓace, na yanko madadinsu daga kwalin sabulu.