Tsohon layin dogo na Takedao: wuri ya yi kyau, ɗan jagora ya ɓata mana rai

Duk mazaunin Osaka ko Kobe a Japan ya ji labarin tsohon layin dogon nan da ke bin kwazazzabon kogin Muko, tsakanin tashar Namaze da ta Takedao. Tun 1986 jirgi ya daina binsa, bayan an huda sabon layi ta cikin duwatsu, sai a 2016 aka gyara hanyar aka buɗe wa masu tattaki a hukumance. Kilomita 4.7 ce, kuma babu hawa. Shi ya sa da kawuna ya zo sayen kayan gyaran mota na ce zan kai shi, har na biya ɗan jagora ta intanet don kada dattijo ya wahala. Kuɗin nan har yau suna yi mini ciwo.

A tallar kamfanin jagoran sun rubuta ƙarara cewa kowa zai samu tocila. Wannan kuwa ba ƙaramin alkawari ba ne, domin ramuka shida ake ratsawa ta cikin dutse, babu ƙwan lantarki ko ɗaya. Muna isa bakin ramin farko mutumin ya buɗe jaka ya fito da tocila biyu rak, ya riƙe ɗaya, ya miƙa wa na ƙarshen sahu ɗaya, ya ce sauran mu kunna fitilar waya. Na yi magana, ya ce ai ta isa. Haka muka lallaɓa muka wuce. Amma rami na gaba, mai suna Kitayama na biyu, tsawonsa mita 413 ne, da ka yi nisa ciki ko tafin hannunka ba ka gani. Katakan layin suna nan rabi a binne, ruwa yana ɗiga daga sama, ƙasa duk tsakuwa. Fitilar waya taku biyu take haskawa. Nan Kawu ya yi tuntuɓe da katako ya faɗi a kan gwiwa. Salatinsa kawai na ji a duhu. Na ce, "Sannu Kawu, ku kama hannuna." Ya ce, "Ba komai ɗana, mu je." Jagoran kuwa ya yi gaba da tocilarsa yana ba wasu labari. Sai da muka fito ya ga jini a wandon Kawu, kuma ko filasta babu a jakarsa. Wata tsohuwa 'yar Japan da ta zo ita kaɗai da fitila a goshi ita ta tsaya ta ba mu. Allah ya saka mata.

Wurin dai ba zan zalunce shi ba. Kana fitowa daga wani ramin sai ka ga gadar ƙarfe ja a gabanka, kogi yana ruri a ƙasa tsakanin manyan duwatsu. A watan Nuwamba muka je, ganyaye sun rine ja da rawaya har saman tsauni. Kawu ya manta da gwiwa, ya tsaya yana ta "Allahu Akbar", ya ce a ɗauke shi hoto ya tura Kano. A kan gadar nan har na fara hucewa.

Sai kuma mutumin ya sake. Muna zuwa lambun itatuwan furanni na sakura da ke kusa da Takedao ya hau duba agogo, wai jirgin komawa zai wuce mu, alhali yana gani dattijo na ɗingishi. Bai kuma gaya mana tun farko cewa a tsakiyar hanyar babu banɗaki ba, balle mu yi alwala kafin mu shiga.

Shiga kyauta ce, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba mai ɓata. Ku sayi fitilar goshi mai ƙarfi, ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku je da kanku. Na rubuta musu ƙorafi da hoton gwiwar Kawu, amsar da suka turo ita ce suna godiya da na zaɓe su, ba su ce uffan ba a kan tocilar.