Fiyanon Yamaha PSR-E473 a hannun mai kiɗan biki a Maraɗi

Mawaƙin da ke cin gashin kansa a Maraɗi bai da motar kaya, bai da yaran ɗauka, kuma bai da tabbacin wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, za ta kai shi ƙarshen wasa. Yau kamu a unguwar Zariya, gobe suna a Ali Ɗan Sofo, jibi a kira shi Tibiri ko Madarunfa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna PSR-E473, wanda ya shigo kasuwa a 2022.

Madannai 61 gare shi, muryoyi 820, salon kiɗa 290, nauyinsa wajen kilo 7. Nauyin nan shi ne alherinsa na farko: mutum ɗaya ya rungume shi a bayan kabukabu, ƙafar ɗorawa a ɗaure da roba, an isa gidan biki ba tare da kuɗin adaidaita ya cinye ribar ranar ba.

Alheri na biyu, wanda ya fi kowane, shi ne yana aiki da batir shida ƙanana, samfurin AA. Duk wanda ya yi sana'ar nan daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, ya san darajar wannan. Babban yayansa PSR-SX600 ya fi shi murya nesa ba kusa ba, amma da wuta ta ɗauke sai ya yi tsit, amarya na tsakiyar fili. Sai dai akwai sharaɗi. Batir masu arha na tebur ba sa jimrewa, da an ɗaga sauti allon ya fara lumshewa, kiɗan ya shaƙe. A sayi masu caji nau'in Ni-MH jeri biyu, shida a ciki shida a aljihu, sannan a shiga maɓallin FUNCTION a gaya wa fiyanon irin batirin da aka sa. In ba a yi haka ba, ba ya karanta ragowar ƙarfinsu daidai, kuma hakan na rage musu kwana. Kada a gauraya sabo da tsoho. A kuma tuna batir fiyano kaɗai yake riƙewa. Lasifikan jikinsa wat 6 ne kowane gefe, sun ishi ɗaki ko zaure, amma a filin da mata ɗari ke guɗa ko maɓallin ƙara ƙarfin sauti na Mega Boost ba ya fitar da kai kunya. Dole a haɗa da sono, wato manyan lasifikan biki.

A nan ma ya gyara kuskuren wanda ya gada, wato E463, da ake tilasta jan sautinsa ta ramin abin sauraron kunne. Wannan yana da ramuka biyu na fitar da sauti, hagu da dama, masu ɗaukar babban kan waya. In miksa ɗaya ce mai layi ɗaya, a sa a ramin da aka rubuta L/L+R. Yana da ramin mikoro ma, amma na mikoro irin na hannu ne kawai. Na situdiyo mai buƙatar wutar bolt 48 ba zai yi magana ba.

Abin da ya fi kashe waɗannan fiyano a garin nan cajarsu ce da gurup, wato injin ba da wuta. Cajar asali PA-150 ce, bolt 12. In ta ɓace, mutane kan tsinci kowace irin caja a kasuwa muddin kanta ya shiga ramin, alhali wata ƙarfinta ya zarce, wata kuma an juya mata ƙafafun wuta. Minti ɗaya ya isa ta ƙone allon ciki. Wanda ya sayi na hannu da ya fito daga Amurka ya karanta rubutun jikin cajar tukuna, don wasu na wutar 120 ne, tamu kuwa 220 ce. Game da gurup, a bari ya tashi ya daidaita muryarsa kafin a jona, a kuma cire kafin mai ya ƙare, domin a lokacin da yake tari ne wuta ke hawa da sauka. Ƙaramar na'urar daidaita wuta ta fi kuɗin gyara sauƙi.

Yanzu ga inda ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce ga mai waƙar Hausa. A cikin salo 290 ɗin nan babu wanda zai ba ka amon kalangu ko bugun da ƴan mata ke jira su shiga fili. Ba a ƙirƙirar sabon salo a jikinsa. Ana dai iya loda na waje ta kile, wato ɗan ma'ajin USB, gurbi 10 kacal, kuma sai tsohon tsarin fayil ɗin salo na Yamaha mai suna SFF. Salon da masu kiɗan Kano ke haɗawa a manyan fiyano galibi ya dogara da muryoyin ganga da aka ƙara musu, waɗanda babu su a nan, shi ya sa in ka loda sai ka ji wani tarkacen bugu inda kalangu ya kamata ya fito. Kada a biya kuɗin salo sai an gwada shi a kan wannan samfurin, a gaban mai sayarwa. Kowane salo kuma juyi biyu gare shi, A da B, wanda ya yi kaɗan ga waƙar da za a ja minti goma sha biyar ana kiran sunayen dangin ango.

Dabarar da ke ɗan rufa asiri ita ce Quick Sampling. Maɓallai huɗu ne, kowane na ɗaukar sautin da bai kai daƙiƙa 10 ba. A samu makaɗin kalangu na gaske, a ɗauki bugunsa a ɗaki marar amsa-kuwwa, a datse farko da ƙarshe daidai kan bugu, a sa ya yi ta maimaituwa. In datsin ya kauce ko da ƙiris, kowane zagaye sai an ji tuntuɓe. Kuma saurin da aka ɗauka da shi, da shi za a rayu har ƙarshen waƙa.

Abu biyu ƙanana da ke ba da kunya a bainar jama'a. Yana kashe kansa in an jima ba a taɓa shi ba, misali lokacin da ake jiran a fito da amarya. Ana hana shi ta riƙe madannin ƙarshe na hagu yayin kunnawa. Sannan a adana saitin kowace waƙa a ma'ajiyarsa mai gurbi 32 tun daga gida, kada a tsaya laluben lambar murya mai liƙi na tsaye da kuɗi a hannu.

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai ta kwanta a kan robar da ke karɓar taɓi. Alamarta, madanni ɗaya ya riƙa ihu fiye da sauran ko ya yi shiru. Magani jaka mai zif da ƙyallen rufewa, ba hura iska da baki ba. A zafin Afrilu da Mayu kuwa kada a bar shi a rana.

Yana naɗar wasa kai tsaye a kile, tsarin WAV, amma a yi hakan da caja a jone don kada batir ya mutu ana tsakar adanawa. Naɗin ya isa a tura wa mai biki ta WhatsApp ya ji samfuri kafin ya ba da kafin alƙalami. Waƙar da za a kai gidan rediyo ko a yi wa rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Nijar, kuwa, a kai ta situdiyo.