Macbeth ko Great Expectations: Da Wanne Sabon Ɗalibin Adabin Ingilishi Zai Soma?

Ƙanwata, barka da samun gurbi, Allah ya sa albarka. Kin ce za ki karanci Ingilishi a jami'a, akwai sauran watanni kafin a fara zango, kuma kina so ki soma taɓa tsohon adabin Ingila tun kina gida. Wasu sun ce ki fara da Shakespeare, wasu sun ce ki ƙyale shi ki kama Dickens, tunda shi zube ne kuma Turancinsa ya fi kusa da na yau.

Bari in ɗauko littafi ɗaya daga kowannensu in jera miki: wasan kwaikwayon Macbeth, wanda aka rubuta wajajen 1606, da ƙagaggen labarin Great Expectations, wanda ya fito a 1860 zuwa 1861. Da gangan na zaɓe su, domin jigonsu kusan ɗaya ne. An yi wa mutum albishir da ɗaukakar da bai yi tsammani ba, buri ya shige shi, ya aikata abin da zuciyarsa ba ta sake barinsa ya huta ba. Macbeth jarumin yaƙi ne a Sikotland, wasu matsafa mata uku suka ce masa zai zama sarki, ya kashe Sarki Duncan a daren da sarkin ya sauka gidansa. Pip kuwa maraya ne da ya tashi a gidan maƙeri a karkarar Kent, wani lauya ya zo ya ce masa wani da ba ya so a san shi ya tanadar masa dukiya, ya tafi Landan ya koyi jin kunyar mutanen da suka rene shi. Idan jigo ya zo ɗaya, abin da zubi yake yi wa labari ya fi fitowa fili, kuma wannan shi ne ainihin abin da za a koya miki a sashen.

Ni dai Macbeth zan ce ki fara da shi.

Ta fuskar harshe, masu cewa Dickens ya fi sauƙi suna da gaskiya, amma gaskiyarsu ba ta wuce babi biyar na farko. Shakespeare ya rayu daga 1564 zuwa 1616, Turancinsa ya haura shekara 400, akwai kalmomin da suka mutu, akwai waɗanda suka sauya ma'ana, kuma yakan juya jimla ya sa aikatau inda ba ki zata ba don karin waƙa ya daidaita. Fitowa biyu ko uku na farko za su ba ki wuya. Sai dai wahalar a farko take, kuma kowane bugu na ɗalibai yana ɗauke da bayanin kalmomin a gefen shafi ko a ƙasa. Shi kuwa Dickens, wanda ya rayu daga 1812 zuwa 1870, wahalarsa a tsakiya take. Jimlarsa ɗaya tana iya cin rabin shafi. Yana rubuta maganar talakawa yadda take fita daga bakinsu, da karyayyen rubutu, ta yadda ƙamus ba zai taimake ki ba sai kin furta da ƙarfi. Ga habaici: yakan yabi mutum alhali zambo yake masa, kuma babu mai ja miki layi a ƙarƙashi. Sannan ga tsawo. Macbeth shi ne mafi gajarta a wasannin ban-tausayi na Shakespeare, a dandamali bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba. Great Expectations babi 59 ne, ya ninka shi kamar sau goma. A lokacin da za ki kai ƙarshen Dickens sau ɗaya, kin maimaita Macbeth sau uku, kuma nazarin adabi a karatu na biyu yake farawa.

Inda na fi so ki tsaya shi ne nan: wa yake yi miki jagora a cikin labarin?

A wasan kwaikwayo babu mai ba da labari. Sunan ɗan wasa ne da maganarsa, sai ɗan umarni na shiga da fita. An rubuta shi ne don gidajen wasa irin Globe, wanda aka gina a Landan a 1599, inda ake wasa da rana tsaka, babu fitilun dandamali, babu zanen bango, talakawa suna tsaye a fili a kan kwabo ɗaya, samari ƙanana ne ke fitowa a matsayin mata. Saboda haka komai sai an saka shi a cikin magana. Idan ana so 'yan kallo su san dare ya yi, sai a shigo riƙe da wuta a hannu, Banquo, abokin yaƙin Macbeth, ya tambayi ɗansa ina dare ya kai, yaron ya ce wata ya faɗi. Idan ana so a san abin da ke ran Macbeth, sai a bar shi shi kaɗai ya yi zancen zuci a fili. Ki duba kashi na ɗaya, fitowa ta bakwai: da bakinsa yake lissafa dalilan da suka hana ya kashe Duncan, cewa ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne da ya kamata ya tsare masa ƙofa. Ya gama yanke shawarar fasawa, matarsa ta shigo, cikin layuka kaɗan ta juya shi ta hanyar taɓa mazantakarsa. Babu wanda zai gaya miki ko son mulki ne ya rinjaye shi ko tsoron raini. Ke za ki yanke, kuma sai kin kawo hujja daga layin. Irin wannan aikin ne malamanki za su nema a kowace amsar jarrabawa.

Zubin maganar ma yana ba da labari. Manyan mutane a wasan suna magana da waƙa mara amsa-amo, layi mai gaɓa goma, muryar tana sauka tana danna gaɓa sau biyar. Karin rubutacciyar waƙarmu a kan tsawon gaɓa da gajartarta yake, nasu kuwa a kan inda murya ta danna, amma kunnen da ya saba da rera baiti ba ya daɗewa bai kama shi ba, in dai da ƙarfi ake karantawa. Da kin kama shi, za ki fara jin inda ya karye. Matsafan suna magana da gajerun layuka masu amsa-amo, kamar surkulle, tun kafin ki fahimci kalmominsu kin san ba mutane ba ne irin sauran. Bayan kisan, a kashi na biyu fitowa ta biyu, Macbeth da matarsa suna yayyanka layi ɗaya a tsakaninsu, kalma ɗaya ɗaya, kamar masu haki. A nan ne shi yake cewa ruwan teku duka ba zai wanke hannunsa ba, ita kuma ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Sai ki je kashi na biyar: ga ta tana yawo cikin barci tana murza hannu, tana jin warin jini, kuma waƙar ta kuɓuce mata gaba ɗaya, da zube take magana. Wallahi duk lokacin da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi. Marubucin ya nuna rushewar hankalinta ta hanyar ƙwace mata karin waƙa.

A Great Expectations kuwa kina da jagora, amma jagoran mutum biyu ne a baki ɗaya. Pip ne yake ba da labarinsa bayan ya manyanta, saboda haka a kowace jimla akwai yaron da ya aikata da dattijon da yake tuhumarsa. Ki lura da babi na 27, ranar da Joe maƙeri, mijin yayarsa, mutumin da ya fi kowa ƙaunarsa, ya kai masa ziyara Landan. Joe ya rasa inda zai ajiye hularsa, tana ta faɗowa, yana ce wa yaron da ya rena "yallaɓai". Abin dariya ne, kuma abin kuka ne, kuma Pip babba bai ɓoye cewa da kuɗi za su hana Joe zuwa da ya biya ba. Wasan kwaikwayo ba shi da sararin yin wannan. Macbeth faɗuwa ce ta farat ɗaya, Pip kuwa lalacewa ce a hankali, bashi kan bashi, wasiƙar da ba a amsa ba, ziyarar da aka ɗage. Ƙagaggen labari ne kaɗai ke iya bin mutum shekara da shekaru haka.

Tsawon nasa yana da dalili. Dickens bai fitar da littafin a dunƙule ba, a mujallarsa ta mako-mako All the Year Round ya riƙa sakinsa, kashi 36, daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861, a lokacin da cinikin mujallar ya ja baya. Duk wadda ta taɓa jiran marubuciya ta saki shafi na gaba a WhatsApp ta san wannan dabara: a tsaya inda rai zai biya, a ba kowane ɗan wasa wata alama da za a tuna shi da ita bayan mako. Shi ya sa Miss Havisham, attajirar da Pip yake zuwa gidanta yana yaro, take zaune cikin rigar amarcin da ta koɗe, agogunan gidan duka a tsaye a ƙarfe tara saura minti ashirin, tun ranar da ango ya yaudare ta. Shi ya sa kuma Jaggers lauya yake yawan wanke hannu da sabulu mai ƙamshi bayan ya sallami masu laifi, abin da za ki so ki ajiye kusa da hannun matar Macbeth. Aibin wannan zubi shi ne yawan dace: mutanen da ba su da alaƙa sai a wayi gari duk dangin juna ne. Ni wannan yana damuna a Dickens, kuma ba laifi ba ne ki faɗi haka a aji. Ko ƙarshen littafin bai tsira ba, domin ya sauya shi zuwa mai ɗan sassauci bisa shawarar abokinsa Edward Bulwer-Lytton, kuma bugu da yawa suna kawo duka biyun. Wanda ya ba Pip dukiyar kuwa ba zan faɗa miki ba, babi na 39 zai faɗa.

Tarihin da kowanne yake buƙata ma ba ɗaya ba ne. Na Macbeth kaɗan ne. Sarki Jemis na Sikotland ya hau gadon Ingila a 1603, shi ne uban ƙungiyar wasan Shakespeare, ya taɓa rubuta littafi a kan maita a 1597, an yi yunƙurin tarwatsa shi da majalisa da albarushi a 1605, kuma ana danganta zuriyarsa da Banquo. Da wannan kaɗai za ki gane dalilin da ya sa Banquo, wanda a littafin tarihin Holinshed da aka ɗauko labarin yana cikin masu ƙulla kisan, ya fito a wasan da hannu mai tsabta. Ainihin Macbeth ma a fagen yaƙi ya kashe Duncan a 1040, ya yi mulki har 1057. Dickens kuwa yana so ki san Ingila ta ƙarni na 19 ciki da waje: bambancin mai sana'ar hannu da wanda ake kira mutumin kirki don ba ya aiki da hannunsa, tsofaffin jiragen ruwa da aka mayar kurkuku, korar masu laifi zuwa Ostireliya, da ɗaure mutum saboda bashi. Wannan na ƙarshe a jikinsa ya ji shi, domin an kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea a 1824, shi kuma yana ɗan shekara 12 yana manna takarda a kwalaben man goge takalmi.

Ga yadda zan so ki yi. Ki nemi taƙaitaccen labarin Macbeth ki karanta tukuna, sanin ƙarshe ba ya rage wa wasa komai. Sannan ki karanta fitowa ɗaya a rana da murya, in da hali ke da wata ku raba 'yan wasan. Kada ki tsaya kan kowace kalma a zagayen farko. Bayan kowane kashi ki saurari ko ki kalli yadda ƙwararru suka yi shi, ki koma kan rubutun. Duka littattafan biyu babu haƙƙin mallaka a kansu yanzu, suna nan kyauta a intanet a shafin Project Gutenberg, da sautinsu a shafin LibriVox, amma ga Shakespeare ki daure ki sayi bugun takarda mai bayani, irin na Folger ko na Oxford na makarantu. Da kin gama zagaye na biyu, ki buɗe Great Expectations, babi ɗaya ko biyu a zama ɗaya, kusan yadda masu karatunsa na farko suka same shi, kina rubuta sunan duk wanda ya fito a bayan littafin rubutunki.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya shawarar nan. Idan har yanzu karanta shafi goma na Turanci a jere yana gajiyar da ke, to ki fara gina numfashi da gajeren zube, A Christmas Carol na 1843 ya isa, babi biyar ne kawai. Idan kuma kin samu jerin littattafan sashenku kika ga wani wasan Shakespeare ne a ciki, Julius Caesar ko Othello ko Twelfth Night, ki sa shi a gurbin Macbeth ki bi wannan tsarin. Twelfth Night ma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da shi Hausa da sunan Daren Sha Biyu, in kin same shi ki karanta su a jere, fitowa da fitowa.