Manhajar kai rahoton haɗari: wata takwas muna aiki da ita

Ni ke kula da direbobi 14 da masu lodi a wani kamfanin rarraba kaya. A da, in mutum ya ji ciwo a bakin aiki ko mota ta yi karo, sai ya dawo ofis ya cike fom na takarda, wani lokaci bayan kwana biyu, ya riga ya manta rabin abin da ya faru. Wata takwas ke nan da aka sa mana manhaja a waya don wannan aikin, kuma zan faɗi yadda na same ta.

Ranar da ta shiga raina, ana yayyafi. Wani dattijon direbanmu ya tsaya a danja, ƙaramar mota ta daki bayansa. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Oga, an buge ni ta baya, amma lafiyata lau." Na ce, "Baba, koma gefen titi tukuna, sannan ka buɗe manhajar." Ya ɗauki hoton lambar ɗaya motar, da bambar da ta lotsa, da sawun taya a kwalta. Manhajar da kanta ta maƙala wa kowane hoto lokaci da wurin da aka ɗauke shi. Babu sabis mai ƙarfi a wajen, sai ta adana rahoton, ta turo shi da ya samu intanet.

Washegari wuyansa ya sage, ko waiwaye ba ya iya yi. Likita ya ce haka bugun baya yake yi, ciwon kan ɓuya sai bayan awanni ko kwana. Da babu rahoton ranar, da masu inshora sun tsaya tambayar ko a gida ya ji ciwon. Da suka ga hotuna da lokaci, ba su ja magana ba. Wannan kaɗai ya isa in ce ta biya kuɗinta.

Amma akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya. Tambaya ta uku a fom ɗin ita ce "Laifin wa?", kuma ba ta barin ka wuce sai ka amsa. Wani yaro mai lodi, ƙofar bayan mota ta datse masa yatsa. Kwana uku yana aiki hannu a aljihu, sai da yatsan ya kumbura ya fara ruwa na lura. Na tambaye shi me ya hana shi kai rahoto, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na buɗe, Oga. Da na ga ana tambayar laifin wa, sai na fasa, kada a kore ni." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi ba. Wanda jini ke zuba a hannunsa ba a sa shi ya yanke wa kansa hukunci. Neman mai laifi aikin masu bincike ne, daga baya.

Na biyu, ba ta da gurbin haɗarin da aka tsallake rijiya da baya, kamar birkin da ya yi sanyi ko kwalin da ya faɗo kusa da ƙafar mutum. Tun 1931 Herbert Heinrich, wani Ba'amurke mai nazarin haɗurran wurin aiki, ya kawo lissafinsa cewa a bayan kowane mummunan rauni guda akwai ƙanana 29, da wasu haɗurra 300 da babu wanda ya ji ciwo. Masana suna jayayya kan alƙaluman, amma ni na gani da idona: makullin ƙofar nan ya daɗe yana suɓucewa, kowa ya sani, babu inda za a rubuta. Kuma ba ta karɓar saƙon murya, alhali mai rauni a hannu ba zai iya dannawa ba.

Duk mai motoci a hanya, ina ba shi shawara ya sa irinta, amma kafin ya biya ya buɗe fom ɗin ya karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ne ya ji ciwon. Na rubuta wa masu ita sau biyu su cire tambaya ta uku. Kafin su gyara, na tara yaran na gaya musu su riƙa zaɓar "ban sani ba", kuma na ajiye littafi a bakin sito don rubuta duk abin da ya kusa jawo rauni. Makullin ƙofar kuwa an canza shi a makon.