Mai firem na Adum da ya hana ni sa wa rigar Kotoko hannu

Wata biyu kenan da na karɓo rigata ta ƙwallo daga wajen wani mai firem a Adum cikin Kumasi, kuma tun ranar da na rataye ta a falo duk wanda ya shigo sai ya tambaya wa ya yi aikin, nawa na biya, sannan tambayar da tafi yawa, wai me yasa babu sa hannu a jikinta tunda mai rigar ɗan unguwarmu ne kullum muna haɗuwa a masallaci. To bari in faɗi yadda akayi tun daga farko.

Rigar ta kulob ɗin Kotoko na Kumasi ce, ja, wadda aka buga wasa da ita a filin wasa na Baba Yara, ba irin wadda ake ratayewa a bakin shago a kasuwar Kejetia ba. Wani yaron unguwarmu Aboabo ne ya saka ta a wasan, ƙanin abokina ne a gabanmu ya taso yana buga ƙwallon roba ba takalmi. Ranar ruwa ya sauka tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, ya sha faɗuwa a gefen layi, da aka tashi ya hango ni ya cire ta ya cillo min ta saman waya yace yaya riƙe. Har yau ba a wanke ta ba. Akwai laka a kafaɗar hagu, koren ciyawa a gefen ciki, ɗinkin wuya kuma ya ɗan buɗe inda wani mai tsaron baya ya finciko shi. Shekara huɗu tana ƙasan akwati, sai bana nace gara in saka ta a gilashi kafin asu ko funfuna su riga ni.

Niyyata ita ce in kai a auna, in dawo da ita in kai wa yaron ya sa hannu a ƙirji da manyan baƙi, sannan a rufe. Har baƙar maka, biron nan mai kaurin baki, na saya tana aljihuna. Mai shagon dattijo ne ɗan Asawase, ya fi shekara sittin, yawancin aikinsa hotunan aure ne da takardun gama makaranta da ayoyi, amma na ga riguna uku a bango shi yasa na tsaya. Ya baza rigar a tebur ya daɗe yana kallonta bai ce komai ba, ya duba ciki ya duba lambar baya, sai da na faɗi maganar sa hannu sannan ya ɗago yace, ɗana, wannan lakar da kake gani ai ita ce sa hannun, me kuma zaka ƙara mata? Nace Baba ai sa hannun ne zai nuna tashi ce. Yace a'a, sa hannu yana nuna ya riƙe biro ne kawai, ko rigar da ka saya jiya a kasuwa zai iya sa mata hannu, amma ciyawar Baba Yara ta ranar nan babu mai sake sa maka ita.

Sai ya shiga ciki ya ɗauko wata farar riga da wani ya kawo a canza mata gilashi. Wallahi ganinta ne ya fara sanyaya min jiki. An sa mata hannu da baƙar maka shekarun baya, yanzu baƙin ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa kamar an zuba shayi, tawadar ta bi zaren yadin ta yi inuwa kewaye da rubutun, sunan ma ba ya karantuwa. Yace yadin rigar ƙwallo roba ne, tawada bata zama a kansa yadda take zama a takarda, ga rana ga danshin Kumasi, kuma in ta lalace babu gyara, in ka ce zaka goge sai ka ƙara ɓata wajen.

Ban yarda nan take ba, na bar masa rigar na tafi gida ina ta juya maganar, daren nan na kwana ina bincike a waya. Abin da ya gama min gardama shine rigar Maradona ta wasan Ajantina da Ingila a 1986, wadda ya ci ƙwallon hannu da ita. Steve Hodge, ɗan wasan Ingila, shi ne ya karɓe ta a wajensa bayan an tashi, ta yi kusan shekara ashirin a gidan tarihin ƙwallo na Ingila, sannan a watan Mayu 2022 kamfanin gwanjo na Sotheby's suka sayar da ita fam miliyan 7.1, kuma babu sa hannun Maradona a jikinta. Da 'yarsa Dalma ta fito tace ba ita ya saka a zagaye na biyu da ya ci ƙwallon ba, ba sa hannu aka nema ba, hotunan wasan aka ɗauko aka gwada da rigar, yadda aka ɗinka bajo, yadda lambar take zaune a kan layukan yadin, irin ƙananan abubuwan da babu riga biyu da zasu zo ɗaya. Haka manyan masu saye suke tantancewa yanzu, rigar ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ta 1998 da ta kai dala miliyan 10.1 ita ma da hoto aka tabbatar da ita. Kenan duk wani tabo da yagewa shaida ne, in ka ɗauko baƙar maka bayan shekara huɗu ka yi rubutu a kai ka saka abin da babu shi a hoton ranar, in rashin sa'a ya zo ma rubutun ya hau kan tabon da za a gane ta da shi.

Ban ce masu son sa hannu basu da hujja ba. Akwai kamfanin Holan ɗin nan MatchWornShirts da suke aiki da manyan kulob na Turai, su rigar da ba a wanke ba kuma da sa hannun ɗan wasan suke sayarwa, mutane na rububinta. Amma can kulob ɗin ne ya karɓi rigar daga ɗakin canza kaya, aka sa hannu a lokacin, aka haɗa da takardar shaida, komai a rubuce. Wannan daban ne da ka tare ɗan wasa a bakin masallaci ko wajen suna, ya ɗora rigar a bayan mota yana sauri, hannun ya karkace, ko ya ƙara da sunanka a sama wanda in wata rana buƙata ta kama 'ya'yanka babu mai saye da sunan wani a ƙirji. Ni ko rigar da Kudus ɗan wasan Ghana ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu da ita a Katar 2022 ce ta faɗo hannuna, kuma ga Kudus ɗin zaune a unguwarsu Nima a Akra yana jira da biro, bazan bari biron ya taɓa ta ba, sai dai in miƙa masa takarda.

Kuma takardar ce Baba ya ba ni shawara. Ya yanko min farin kati mai kauri yace kai masa ya rubuta da hannunsa, ranar wasan, da wa aka buga, nawa aka tashi, cewa shi ya saka wannan rigar kuma shi ya ba ka, sannan ya sa hannu a ƙasa. Na kai, yaron ya zauna ya rubuta a natse har ya ƙara da minti nawa aka ja masa wuyan, na ɗauke shi hoto yana rubutun da rigar a gefe. Wani mai hoto da yake aiki a filin ya nemo min hoton ranar inda lakar kafaɗar ta fito sosai. Katin da hoton duka suna cikin firem ɗin a ƙasan rigar. Ƙanina da ya dage sai dai ya ga rubutu a jikin yadi, na saya masa ta kasuwa aka sa mata hannu, shi ma ransa ya yi fari.

Aikin kansa gaskiya ya yi. Bai sa gam ba, bai buga mata ƙusa ko fil ba, allura da zare ya bi ta cikin ɗinkin kafaɗa da hammata ya ɗaure ta a jikin allo ta yadda in ka tsinke zaren zata fito kamar yadda ta shiga. Ya sa kwali a ciki don ta tsaya, ya bar tazara kamar faɗin yatsa biyu tsakaninta da gilashi, yace in yadi ya manne da gilashi lokacin damina raɓa ke taruwa, lambar baya ta like ta ɓare. Yaronsa ya ɗauko dutsen guga zai miƙar da ita ya daka masa tsawa, yace zafi na narkar da lamba kuma yana dafa tabo. Ya kuma yi min faɗa a kan ledar da na kawo ta ciki, ya sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi a bayan allon. Katakon baƙi ne, kusurwoyin sun haɗu tsaf.

Inda ban ji daɗi ba, alkawari. Sati biyu yace, sai da aka yi biyar, sau uku ina hawa mota daga Aboabo zuwa Adum cikin cunkoson nan ana ce min gobe, kuma baya ɗaga waya in yana aiki, yaron shagon ma bai san komai ba sai dai yace Baba ya fita. Na biyu gilashin, na gama-gari ne, ba mai tare hasken rana ba, kuma bai faɗa min ba sai da na tambaya ranar karɓa, yace wancan sai an yi oda daga Akra kuma kuɗinsa ya kusa ninka aikin. Da ya faɗa tun farko da na yi shawara da aljihuna. Ja kuma kowa ya san yadda yake koɗewa, dole na canza bangon da na yi niyya na mayar da ita inda rana bata kaiwa. Maratayin da ya sa a baya shima ƙarami ne ga nauyin firem ɗin, sai da na sa kafinta ya ƙara ɗaya.

Sidi 600 na biya, rabi kafin aiki rabi ranar karɓa, ya karɓi momo, wato kuɗi ta waya. Wasu sun ce da tsada, ni ban gani ba, don na tambayi wani shago a Asafo da suka ce zasu yi a rabin kuɗin cikin kwana biyu, da na duba samfurinsu sai na ga da fil suka bi rigar suka danne ta da gilashi kamar hoto. In rigar kasuwa ce zaka rataye a shagon aski to je can. In wadda aka yi gumi a ciki ce, nemi irin Baba, ka tambayi maganar gilashi tun ranar farko, ka ƙara sati uku a kan duk ranar da ya faɗa maka.

Akwai tsohuwar rigar kulob ɗin King Faisal ta kawuna a gidanmu, ita an riga an wanke ta sau ba adadi amma lambar tana nan, bayan sallah zan kai masa, wannan karon da gilashin Akra. Kawu har ya fara rubuta katinsa, shekarar ce kawai suke gardama a kai shi da abokinsa.