Pollard ko Libbok: wa ya fi cancanta da riga mai lamba 10?

Ɗan'uwa, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ka ce kwanan nan ka fara bin wasan zari-ruga, kuma duk inda ka leƙa sai ka tarar magoya bayan Afirka ta Kudu suna cacar baki a kan mutum biyu, Handré Pollard da Manie Libbok. Kana so a faɗa maka wa ya fi, kuma me ya sa a 2025 ɗaya ya tattara ya koma gida, ɗayan ya tsallaka Japan, ko koci ne ya yar da su.

Sai ka fara sanin aikin rigar da ake faɗa a kanta. A cikin mutum 15 na kowane ɓangare, ƙarti takwas ne ke kokawar ƙwato ƙwallo. In ta fito, mai lamba 9 ya ɗauka ya cilla wa mai lamba 10, shi kuma cikin ƙiftawar ido ya yanke shawara: ya miƙa wa na gefensa, ko ya buga ta gaba, ko ya ruga da ita da kansa. Bayan wannan, yawanci shi ne mai bugawa tsakanin sanduna. Dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 5 ne, bugun ƙari da ke biyo baya maki 2, fenareti maki 3. Wato aiki biyu ne a wuyan mutum ɗaya, tuƙa wasa da cin maki da ƙafa. Libbok ya fi Pollard a na farko, Pollard ya fi shi nesa ba kusa ba a na biyu. Duk hayaniyar da kake gani daga nan ta taso.

Pollard tun yana yaro aka san inda za shi. An haife shi a 1994, ya sa rigar ƙasa a 2014 yana ɗan shekara 20. Yana da jiki, ba ya tsoron karo, kuma fuskarsa ɗaya ce ko ana cin su ko suna ci. A gasar kofin duniya ta 2019 shi ya buga fenaretin da ya fitar da Wales 19 da 16, sannan a wasan ƙarshe da Ingila a Yokohama ya ci maki 22 cikin 32 da ƙasarsa ta samu. Libbok kuwa sai da ya sha yawo. Ɗan Humansdorp ne, haihuwar 1997. Ya zauna a Bulls, ya koma Sharks, yau benci, gobe a sa shi a lamba 15, ba wanda ya damƙa masa ragama. Sai a 2021 kocin Stormers, John Dobson, ya kawo shi Cape Town ya ba shi lamba 10 ya sakar masa mara. Shekara na zagayowa suka ɗauki kofin URC, gasar da ke haɗa ƙungiyoyin Afirka ta Kudu da wasu na Turai. A wasan kusa da na ƙarshe, bayan lokaci ya cika, shi ya buga bugun ƙarin da ya kayar da Ulster 17 da 15. Ka riƙe wannan, domin masu cewa Libbok bai taɓa cin bugun matsi ba sukan manta da shi.

A 2023 ne gardamar ta zama wuta. Pollard ya ji rauni a sha-raɓa, aka fitar da sunayen mutum 33 masu zuwa gasar kofin duniya a Faransa babu shi. Libbok ya gaji rigar, kuma da farko ba wanda ya yi kewar kowa. A Twickenham, gab da fara gasa, sun lallasa Niyu Zilan 35 da 7. A wasan farko da Sikotilan a Marseille ya yi abin da har yau ake maimaita hotonsa: idonsa na kallon wani wuri, ƙafarsa ta aika ƙwallo can gefen dama, ta sauka a hannun Kurt-Lee Arendse yana cikin gudu, ko rage sauri bai yi ba sai bayan layi. Pollard ba ya irin wannan, kuma ban jin ya taɓa raya wa kansa zai yi.

Sai aka haɗu da Ailan. Aka tashi 13 da 8, Afirka ta Kudu ta sha kashi, bayan ta zubar da maki 11 a bugun sanduna. Biyu daga cikin bugun huɗun da aka ɓarar na Faf de Klerk ne, daga nesa, amma a bakin magoya baya laifin duk na Libbok ne. Kafin wannan wasan ma kociyoyin sun riga sun nuna abin da ke ransu. Malcolm Marx, mai lamba 2, ya ji ciwo a gwiwa, kowa ya zaci za a kira wani mai lamba 2. Jacques Nienaber da Rassie Erasmus suka kira Pollard. Ƙato ya fita, aka maye gurbinsa da mai buga ƙwallo. Kasada ce babba, don a wasan ƙarshe Bongi Mbonambi, mai lamba 2 da ya rage musu, ya ji ciwo tun mintunan farko, dole Deon Fourie, ɗan shekara 37 wanda ya daɗe da komawa wani gurbi, ya riƙe wajen kusan wasan gaba ɗaya.

Wasan kusa da na ƙarshe da Ingila na 21 ga Oktoba a gidan kallo na gan shi. Ranar an gama Chelsea da Arsenal 2 da 2, manyan talabijin duk an mayar da su kan Manchester United da Sheffield, ni kuma na roƙi mai gidan ya bar mini 'yar ƙaramar da ke lungu kusa da firji. Mu uku ne a gabanta: ni, da wani ɗalibi, da mai sayar da gyaɗa da ya tsaya don ya ga ƙarti suna ture juna. Ruwa ake zubawa a Paris. Ƙwallo ta zama kamar sabulu, Ingila sai ɗaga ta sama suke yi, Libbok ya buga wata ta zame a gefen ƙafarsa ba ta je ko'ina ba. Minti 31 kacal aka ɗaga allo, aka cire shi. Ba ciwo ya ji ba. Na ga fuskarsa lokacin da yake fita, na ji ba daɗi, mai gyaɗa ma sai da ya tambaye ni me yaron ya yi. Ingila ta kai 15 da 6. RG Snyman ya dire, Pollard ya ƙara, aka koma 15 da 13. Saura minti biyu zuwa uku aka samu fenareti kusa da tsakiyar fili. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya kamar mai shirin tafiya kasuwa, ya narka ta tsakiyar sanduna. Na yi ihu har 'yan Manchester suka waiwayo suna tambaya wa ya ci.

To amma ga abin da masoyan Pollard ba sa son a faɗa. Wannan fenareti ba daga sama ya faɗo ba. Ox Nché da Vincent Koch ne suka shigo daga benci suka murƙushe 'yan gaban Ingila a turereniya har alƙali ya busa. Pollard mai ƙarasa aiki ne. In ƙartin gabansa suna cin nasu yaƙin, zai mayar da kowane kuskuren abokan hamayya maki 3, kuma a gasar nan bai ɓarar da bugu ko ɗaya ba. Sun fitar da Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, suka doke Niyu Zilan 12 da 11, kuma a wasan ƙarshen ba su dire ko sau ɗaya ba, maki 12 ɗin duk daga ƙafarsa suka fito. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanensa, kuma a wannan makonni uku ba ka da bakin musa musu. Sai dai ranar da ƙartin suka kasa, ba kasafai yake ƙirƙiro wata hanya daga babu ba. Libbok shi ne mai wannan.

Dubi abin da ya biyo baya. A Satumbar 2024 a Ajantina, Libbok ya ɓarar da fenareti mai sauƙi a ƙarshen wasa, aka ci su 29 da 28. Zagin da ya sha a intanet ya wuce hankali, kuma a ƙasar da aka daɗe ana ɗaukar zari-ruga wasan farar fata, ni dai ban yarda cewa duk zagin nan a kan ƙwallo kaɗai yake ba. Erasmus bai ajiye shi ba. Mako ɗaya bayan nan ya sake fara wasa da shi, ya karɓe bugun sanduna ya ba Jaden Hendrikse, ya bar masa tuƙi kawai. Suka ci Ajantina 48 da 7, suka ɗauki kofin Rugby Championship, gasar da suke yi da Niyu Zilan, Ostireliya da Ajantina. A ganina ranar ce aka ba da amsar da ta fi kowace: ba dole ne mai lamba 10 ya zama mai bugun sanduna ba. Faransa ma mai lamba 15, Thomas Ramos, ke buga mata.

Shekarar 2025 kuma ta rikita lissafin kowane ɓangare. A Ellis Park, da Libbok a fili, suna gaban Ostireliya 22 da nema, suka ci gaba da watsa ƙwallo kamar ba gobe, har aka tsinke wata doguwar miƙawarsa aka dire, aka tashi 38 da 22 an cinye su. Mako na gaba aka dawo da Pollard, aka ci 30 da 22, mutanensa suka ce ai mun faɗa. Sai aka je Eden Park da shi, Niyu Zilan ta ci 24 da 17. Bayan mako ɗaya a Wellington, Libbok ya taso daga benci tun kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 43 da 10, kaye mafi muni a tarihin Niyu Zilan. Wanda ke biye masa a muni shi ne 35 da 7 ɗin nan na Twickenham. Duka biyun Libbok ne ke tuƙi.

Akwai hannun koci a ciki. Bayan kofin 2023 Nienaber ya tafi Leinster, Erasmus ya koma kujerar babban koci, ya ɗauko Tony Brown, tsohon mai lamba 10 na Niyu Zilan wanda ya yi aiki da tawagar Japan, ya ba shi ɓangaren kai hari. Brown yana son a riƙa kai ƙwallo gefe da sauri, kuma wannan rigar kamar don Libbok aka ɗinka ta.

Batun sauya sheƙa kuwa, ba wanda aka yar. Ingila da Niyu Zilan ba sa kiran ɗan wasan da ke buga wa ƙungiyar waje, amma Afirka ta Kudu ta cire duk wani shinge irin wannan bayan zuwan Erasmus, don kuɗinta ba ya iya gogayya da na Turai da Japan. Pollard ya tafi Montpellier bayan kofin 2019, gwiwa ta cinye masa kusan kaka guda, ya koma Leicester a 2022. Wasansa na ƙarshe a can shi ne na ƙarshen gasar Ingila ta 2025, Bath ta ci su 23 da 21, kuma a ranar shi ma Finn Russell ya tsinke masa miƙawa aka dire. Daga nan ya koma Bulls a Pretoria, inda ya fara. Mutum ne da ya haura talatin, ya ci kofin duniya biyu, ya tara abin da zai tara a waje. Na Libbok ya fi ban tausayi kaɗan. A Stormers wani yaro ya taso, Sacha Feinberg-Mngomezulu, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ya karɓi tayin Kintetsu Liners. Japan tana da kuɗi, kakarta gajera ce, jiki ba ya shan duka kamar a Turai, shi ya sa su Cheslin Kolbe, Pieter-Steph du Toit, Damian de Allende da Marx suka yi can. Abin da bai kwanta mini ba shi ne a rukuni na biyu na gasar Japan ya sami Liners ɗin. Mai matsalar bugun matsi ba inda matsi ya yi ƙaranci ya kamata ya je ba.

In ka matsa mini sai na zaɓi ɗaya: wasan ƙarshe ne, ana ruwa, maki ɗaya ke tsakani, Pollard zan sa, ko shawara ba zan yi ba. Amma in wasanni goma za a buga a busasshen fili, kuma akwai wani mai buga sanduna a cikin 15 ɗin, Libbok zai ci mini da rata mafi yawa, kuma shi zan biya kuɗi in kalla. Kofin duniya da irin wancan wasan na ruwa ake ɗaukarsa, saboda haka Pollard na gaba a wajena, da ɗan taƙi.

Sai dai kada ka ɓata ƙarfinka da yawa a kan su biyun. A Satumbar 2025 a Durban, Feinberg-Mngomezulu ya ci maki 37 shi kaɗai a kan Ajantina, ya karya tarihin maki 35 na Percy Montgomery. Yana gudu da ƙwallo, yana buga sanduna daga tsakiyar fili, kuma haihuwar 2002 ne. Kafin a je kofin duniya a Ostireliya a 2027, tambayar da za ka riƙa gani ita ce wanne cikin Pollard da Libbok zai zauna masa a benci. A nan kam Pollard zan ce, saboda minti goman ƙarshe.